Wasiƙa: Ganyen Miyarmu Ya Fi Latas, Amma A Tukunya Muke Kashe Shi

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a wannan jarida mai farin jini domin mu yi gyara a kan wata fahimta da ta zauna a zukatan mutanen birnin nan. Da zarar likita ya ce wa mutum ya riƙa cin kayan lambu, abin da ke faɗo masa a rai shi ne latas da kabeji da kokwamba da koren wake, irin haɗin salak ɗin da ake jerawa a faranti ranar biki. Sai ya shafa aljihu ya ce wannan magana ta masu hali ce. Alhali alayyafon da yara ke talla ƙofa-ƙofa, da zogalen da ke jikin danga, da lalo da rama da yakuwar da ake kasawa a Kasuwar Rimi, sun fi waɗancan abin da jiki ke nema. Inda muke tafka asara shi ne tsakanin kwandon ɗan gwari da kwanon tuwo.

Sunayen kayan miyar kansu suna faɗin inda suka fito. Karas da kabeji da latas da tumatir duk aro ne daga Turanci, alamar cewa ba su daɗe a tukunyarmu ba. Albasa daga Larabci muka samo sunanta, kuma an ambace ta a Suratul Baƙara, aya ta 61. Asalinta da na tafarnuwa tsakiyar nahiyar Asiya ne. Attarugu kuwa ɗan'uwan kalmar Yarabanci ce, inda "ata" ke nufin barkono. Shi da tattasai da shambo da barkono da tumatir da kabewa duk tsirran nahiyar Amurka ne, kuma babu ɗayansu da ya ƙetaro teku kafin 1492. Ke nan akwai zamani mai tsawo da Kano ta yi tana cin tuwo ba jar miya, yajin miyarta masoro ne da kimba da citta. Karas ya fara ne daga yankin Afganistan da Farisa, launinsa na farko shunayya da rawaya, mai ruwan lemon nan da muka sani a Holan aka kyautata shi a ƙarni na 17. Zogale ma, duk da ya zama ɗan gida, baƙo ne daga arewacin Indiya, shi ya sa tsofaffi ke ce masa bagaruwar Makka. Namu na gado su ne kuka, karkashi, yakuwa, rama, kuɓewa, gauta da shuwaka. Sun saba da ƙasarmu da zafinmu, ba sa neman taki da feshin da baƙin ke nema.

Ga abin da awo ya nuna a giram 100 na ɗanyen ganye, wato kamar cikin tafin hannu biyu. Alayyafo yana da kalsiyam, sinadarin da ke gina ƙashi da haƙori, wajen miligiram 215, da sinadarin ƙarfe mai gina jini sama da miligiram 2, da bitamin C wajen 43. Lalo yana da kalsiyam kusan haka, ƙarfensa ya haura miligiram 4. Zogale yana da furotin, sinadarin gina tsoka, giram 9, kalsiyam 185, ƙarfe miligiram 4, bitamin C wajen 52. Latas kuwa kalsiyam ɗinsa bai kai 40 ba, ƙarfensa bai kai miligiram ɗaya ba, bitamin C wajen 9. Kokwamba ba ta ma shiga lissafi: kashi 95 cikin ɗari ruwa ce, amfaninta sanyaya maƙoshi. Domin adalci, kabeji yana da bitamin C mai kyau, wajen 36, latas mai kore shar kuma yana da bitamin A. Alƙaluman suna ɗan hawa da sauka gwargwadon iri da ƙasa da taki, amma tazarar ba ta rufewa.

Dalilin da ya sa muka damu da sinadarin ƙarfe shi ne binciken lafiya na ƙasa na 2018, wanda ya nuna kashi 58 cikin ɗari na matan Najeriya masu shekarun haihuwa suna da ƙarancin jini, yara 'yan ƙasa da shekara biyar kuma kashi 68. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya ci aƙalla giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itace a yini, ban da dankali da rogo da doya. A gida mai manya takwas, sama da kilo uku ke nan kullum. A kwatanta da yadda muke yi: cokali uku na kuka a tukunyar da mutum goma za su ci, ko ɗauri ɗaya na alayyafo a yaryaɗa a kan dafa-duka domin ado. Kuka busasshiya tana da kalsiyam mai yawan gaske, sama da miligiram dubu a giram 100, amma abin da ke isa cikin kowa daga wannan tukunya bai wuce giram biyu ko uku ba. Ba laifin kuka ba ne, rabon ne ya yi kaɗan.

A nan ya kamata mu ja kunnen masu tallar zogale. Ana yawan cewa ya ninka lemo sau bakwai a bitamin C. A awon da muka ambata, ɗanyen zogale da lemon zaƙi kusan kunnen doki suke, shi 52, lemo 53, kuma da an shanya ganyen yawancin bitamin C ɗin ya tafi. Garin zogale kusan kashi ɗaya cikin huɗu nasa furotin ne, gaskiya ne, amma ba wanda ke cin giram 100 na gari a zama ɗaya. Zogale abinci ne mai kyau ƙwarai, bai kai ya maye gurbin maganin suga ko na hawan jini ba, kuma wanda ya ajiye maganin asibiti saboda shi ya sayi wahala da kuɗinsa. Mai juna biyu ta ci ganyen, amma ta nisanci saiwa da ɓawon itacen. Ga yaron da ya wuce wata shida, cokalin shayi ɗaya na garin a kunu bayan an sauke daga wuta ya isa a fara da shi.

Yanzu mu shiga madafa, inda ɓarnar take.

Kuskure na farko shi ne yanka ganye kafin a wanke. Bitamin C da folet, wani bitamin da mai ciki ke matuƙar buƙata, narkewa suke yi a ruwa. In aka yayyanka alayyafo sannan aka zuba a roba aka cuɗa da gishiri har ruwan ya koma kore, aka matse aka zubar, to wannan koren ruwan da ya bi rariya shi ne rabon masu gidan. A wanke ganyen yana ɗungurum, a babbar roba mai ruwa da yawa, a girgiza, a tsamo shi sama a bar yashi ya kwanta a ƙasa. Kada a tsiyaye ruwan ta kan ganyen, domin yashin zai koma ciki. A maimaita sau uku, a bar shi ya tsane, a yanka daf da lokacin zubawa, kuma kada a yi masa yankan ƙanana-ƙanana.

Na biyu shi ne daɗewa a wuta. Alayyafo minti uku zuwa biyar ya ishe shi. A gama haɗa miyar, nama ya nuna, kabewa ta narke in taushe ake yi, sannan a zuba ganyen a rufe, a sauke yana da sauran korensa. In ya koma launin ƙasa-ƙasa, an makara. Ɗumame kuma kowane zagaye yana ƙara cinye abin da ya rage, don haka in miyar ta kwana biyu ce, a raba ruwan miyar gida biyu, a zuba wa kowane sabon ganye a ranarsa. Zogale ya fi tauri, yana neman minti goma zuwa sha biyar a ruwa kaɗan wanda zai kusan shanyewa. Abin da ke sa a daɗe ana dafa shi shi ne tsufan ganyen da barin tsinkayen jikinsa. A zaɓi matashin ganye, a zage shi tsaf.

Na uku, kuma shi ne babba, kanwa. Mun san dalilin sa ta: tana tausasa ganye da wuri, tana tsare korensa, tana ƙara wa kuɓewa da karkashi yauƙi, tana kashe tsamin yakuwa. To amma bitamin C da bitamin B1 ba sa jure ruwan kanwa, da sauri suke lalacewa. Ganyen zai fito kore shar, ido ya ƙoshi, alhali an riga an kashe shi. Ban da haka, kanwa gishiri ce a wata kama, domin sinadarin sodiyam ne a cikinta, shi ne kuma ke tayar da hawan jini. Iyakar gishirin da aka shawarci babba ya ci a yini giram 5 ne, cokalin shayi ɗaya ke nan, kuma dunƙulen ɗanɗano da kanwa duk cikin wannan lissafin suke. Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan shan kunun kanwa lokacin jego da ciwon zuciyar da ke kama masu jego. Ba mu ce a daina ɗanwake ba. Muna cewa a miyar ganye ba a buƙatarta, in kuma dole ne, ɗan jiƙon da bai wuce bakin cokalin shayi ba ya ishi tukunya.

Mai son yauƙi ba tare da kanwa ba, ga hanya. A sayi ƙananan kuɓewa, waɗanda bakinsu ke karyewa ƙas in an lanƙwasa. Wadda bakinta ya lanƙwashe bai karye ba ta tsufa, ta zama itace. A goge ta ko a daka, a zuba a ruwan da ke tafasa, a burga da maburgi, a bar tukunyar a buɗe, minti biyar zuwa bakwai. Tsami ne maƙiyin yauƙi, saboda haka tumatir ko yakuwa ba sa shiga tukunya ɗaya da ita tun farko. A yi jar miyar daban a haɗa a kwano. Wannan yauƙin kansa abinci ne, wani nau'in harza ne da ke rage saurin shigar suga cikin jini, yana kuma sauƙaƙa bayan gida. Haka yake a kuka da lalo da karkashi.

Akwai wurin da zubar da ruwan dahuwa yake da hujja. Alayyafo da yakuwa suna ɗauke da wani sinadari, okzalet, da ke riƙe kalsiyam ya hana jiki shan wani kaso nasa, kuma yana taimaka wa tsakuwar ƙoda ta taru. Wanda ya taɓa fama da tsakuwar ƙoda ya sa ganyen a tafasasshen ruwa minti biyu ya zubar da ruwan, ya yarda da asarar bitamin ɗin. Mai ciwon ƙoda da aka hana shi fotasiyam, sinadarin da ke da yawa a ganye, da wanda ke shan maganin tsinka jini irin warfarin, su tambayi likitansu kafin su ƙara yawan ganye, domin bitamin K da ke cikin kore yana rage ƙarfin wannan magani. Sauran jama'a ba su da wannan uzuri. Rama ma tafasa ɗaya ta ishe ta, ba sai an yi ta sauya ruwa har ta zama lami ba.

Sinadarin ƙarfen da ke cikin ganye ba ya shiga jini da sauƙi kamar na nama da hanta. Abin da ke buɗe masa ƙofa shi ne bitamin C a cikin abinci guda, abin da ke rufe ta kuma shayi. Wanda ya ci kwaɗo ya kora da baƙin shayi mai kauri ya rage wa kansa riba, ya jinkirta shayin kamar awa ɗaya. A nan sai mun yaba wa iyayenmu mata, domin kwaɗon zogale haɗi ne da masani zai sa wa hannu: ƙuli-ƙuli ya kawo furotin, ɗan mai ya taimaka wa bitamin A ya shiga jiki, ɗanyen tumatir da albasa da tattasai suka kawo bitamin C. A matsa rabin lemon tsami a kai, an gama. Jan tattasai ɗanye yana da bitamin C sama da miligiram 120 a giram 100, fiye da ninki biyu na lemo, amma mu kullum sai mun niƙa shi mun soya har mai ya taso. A riƙa ware ɗaya a yanka ɗanye a kan abinci bayan an sauke.

Ba kowane abu wuta ke cutarwa ba. Jan launin tumatir, wanda ake kira laikofin, ya fi shiga jiki in an dafa shi da mai. Haka karas da kabewa: bitamin A ɗinsu sai da maiƙo yake narkewa, don haka karas ɗin da aka sa a miya ko a dafa-duka ya fi wanda aka gaigaya a bakin titi amfani. Karas matsakaici guda ɗaya ya ishi ƙaramin yaro bitamin A na yini, kuma rashin wannan bitamin ne ke kawo dundumi da saurin kamuwa da cuta. A kabewa a zaɓi mai jan ciki sosai, mai farin ciki ba ta da wani abin kirki ta wannan fuska. Manja ma cike yake da shi, matuƙar ba a soya shi har ya yi hayaƙi ya washe ba. Wanda ya mai da manja fari ya ƙone abin da ya biya kuɗi ya saya.

Sai shanya. Kowa ya san kuka iri biyu ce a kasuwa, kore da mai launin ƙasa, kuma kowace uwar gida ta san wadda za ta zaɓa. Bambancin daga rana ne. Hasken rana kai tsaye yana cinye kore da bitamin A, amma kalsiyam da ƙarfe suna tsira. Ga yadda ya kamata a shanya kuka ko zogale ko lalo: a tsinko da safe, a cire tsinke, a wanke, a tsane, a baza shi sirara a kan tabarma ko raga da aka ɗaga daga ƙasa, a inuwa mai iska, a rufa masa yadi marar kauri saboda ƙura da ƙuda, a riƙa juyawa safe da yamma. Da hunturu kwana uku zuwa huɗu ya isa. Da damina yakan ɗauki fiye da haka, kuma in aka tara shi da kauri zai yi zafi daga ciki ya yi fumfuna. Ya bushe in ya murmushe tsakanin yatsu. Kilo ɗaya na zagaggen zogale yana ba da kusan rubu'in kilo busasshe. A daka, a tankaɗe, a zuba a mazubi mai murfi wanda haske ba ya ratsawa, a cinye cikin wata shida. Farar leda da aka rataya a rana a gaban shago ita ce mafi munin ma'aji.

Tumatir da kuɓewa da tattasai su kam suna son rana, domin suna da ruwa da yawa, in ba su bushe da sauri ba za su ruɓe. Abin gyara shi ne shimfiɗar. Shanyar da ake yi a ƙasa tsirara a gefen titi tana kwasar yashi da kashin awaki da hayaƙin mota. Kilo goma na ɗanyen tumatir ba ya ba da kilo ɗaya na busasshe. Wanda ya yi baƙi-baƙi ko yake warin fumfuna a bar wa mai shi, haka ma barkono, domin gubar da fumfuna ke bari tana taɓa hanta kuma tafasa ba ta kashe ta. Wannan hukunci ya hau kan ruɓaɓɓen tumatir mai farin gashi da ake sayarwa da araha da yamma. Wanda ya fashe saboda matsi a kwando yau ɗin nan ana iya dafa shi nan take, wanda ya yi fumfuna kuwa yanke gefen ba ya wadatarwa.

Tsadar tumatir da araharsa ba asiri ba ne. Yana son sanyin dare, shi ya sa daga Janairu zuwa Maris kwanduna ke cika kasuwannin Kwanar Gafan da 'Yankaba daga Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, gonakin da ke shan ruwan madatsar Tiga tun shekarun 1970. Da bazara ta kama, zafi ya haura digiri 35, fure sai ya kakkaɓe bai ɗaure ba, damina kuma ta zo da cututtukan ganye. Ga tsutsar nan da manoma suka laƙaba wa Sharon, wadda ta share gonaki a 2016. Mai son ajiya ya saya lokacin araha, ya zaɓi dogo mai tsoka irin Roma ko UTC, domin zagayayyen mai ruwa na miyar yau ne kawai. A niƙa, a dafa har ruwan ya ragu da rabi, a zuba da zafinsa a kwalaben da aka tafasa, a sa cokalin cin abinci ɗaya na ruwan lemon tsami a kowace rabin lita, a bar ɗan sarari a sama, a rufe, a nutsa kwalaben a ruwa a tafasa minti 35 zuwa 45. Kada a haɗa da albasa da tattasai a kwalbar da za a ajiye a ɗaki. Suna rage tsamin, kuma rashin tsami ne ke ba wata ƙwayar cuta mai kisa damar tsira a rufaffiyar kwalba. Duk kwalbar da murfinta ya kumbura ko ta yi kumfa, a zubar ba tare da an ɗanɗana ba.

Albasa ja, irin ta Aliero a Kebbi da ta Galmi a Nijar, ta fi fara jure ajiya. A zaɓi mai busasshen wuya, a baza ta a wuri mai iska, kada a ƙulle a leda, kada a haɗa da dankalin Turawa. Wajen ɓarewa a cire busasshen ɓawon kawai, domin zagayen waje ya fi na ciki sinadarai masu amfani. Lawashi kuma, wanda ake yarwa a bakin kasuwa, ya fi ƙwayar albasar bitamin A da C.

Game da kayan ƙamshi ba za mu tsawaita ba, domin kaɗan ake ci, ba a neman ƙoshi a wurinsu. Tafarnuwa a daka ta a bar ta minti goma kafin ta shiga wuta, a lokacin ne sinadarinta mai aiki ke haɗuwa. Ɗoɗɗoya da na'a-na'a da lansir a sa su bayan an sauke, ƙamshinsu mai ne da ke bin tururi. Citta, wadda asalinta kudancin Asiya ne kuma Kachiya ta shahara da nomanta, tana rage tashin zuciya. Shuwaka in an wanke ta har ɗacin ya fita gaba ɗaya, an wanke amfanin tare da shi, a bar ɗan kaɗan. Zoɓo yana ɗan sauke hawan jini, amma ba wanda aka cika da sukari ba. Babban amfanin kayan ƙamshi a wurinmu shi ne, miyar da ta ji daddawa da citta da tafarnuwa ba ta neman dunƙule biyar.

Gargaɗi ga masu tsinko tafasa da damina: tana da ɗan'uwa mai kama da ita, rai-ɗore, wanda ke da guba, musamman 'ya'yansa, ga yara da dabbobi. Ganyen tafasa ƙananan ganye shida ne, uku daura da uku, masu zagayayyen baki. Na rai-ɗore sun fi yawa, bakinsu mai tsini. Tafasar ma matashiya ake ci, tsohuwa tana sa gudawa.

Abu na ƙarshe shi ne ruwan ban-ruwa, kuma wannan ya fi ƙarfin uwar gida. Ganye da yawa da ake ci a birnin nan ana noma shi ne a gefen rafukan Jakara da Getsi da Salanta, da ruwan da ya kwaso kwatar gidaje da ta mayanka da ta masana'antu, har da na jima. Masu bincike daga jami'o'inmu sun sha gano ƙarafa masu guba irin su dalma da kuromiyam da kadmiyam a ƙasa da ganyen waɗannan wurare. Ƙwayoyin cuta da ƙwan tsutsar ciki wuta tana kashe su, wannan ma wani fifiko ne da dafaffen alayyafo yake da shi a kan latas. Wanda zai ci ɗanye ya ware ganyen ɗaya-ɗaya, ya yar da na waje, ya wanke da ruwa mai tsabta sau uku, ya jiƙa minti goma a ruwan kal, wato binigar, kashi ɗaya cikin ruwa kashi uku, ya ɗauraye. Wannan ragewa yake yi, ba ya kawarwa duka, ruwan gishiri kuwa ƙwari kawai yake fitarwa. Amma dalma da 'yan'uwanta suna cikin naman ganyen, wanki ko dahuwa ba ya fitar da su. Haka maganin feshi: kowace kwalba tana ɗauke da adadin kwanakin da za a jira kafin girbi, alayyafo kuwa sati uku zuwa biyar yake yi a gona, don haka manomin da ya yi feshi yau ya yanka jibi ya kawo maganin har cikin tukunya. Ganyen da ƙwaro ya ɗan huda ya fi kwantar da hankali a kan wanda ke sheƙi yana warin magani.

Roƙonmu ga hukumomin gona da na muhalli na jiha shi ne su riƙa auna ruwan waɗannan rafuka da ganyen da ke fitowa daga gare su, su bayyana sakamakon, su taimaka wa manoman wurin da rijiyoyin burtsatse maimakon a kore su daga sana'arsu. Masu gida kuma, buhun siminti da aka wanke aka huda gindinsa, aka cika da ƙasa kashi biyu da ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya, yana fitar da alayyafo cikin wata guda. A gauraya irin da yashi kafin a yafa domin ƙanana ne ƙwarai, a ba shi ruwa safe da yamma, a yanka a bar kamar tsawon yatsa daga ƙasa, zai sake tofowa sau biyu ko uku. Zogale kuma reshe mai tsawon kamu biyu ake kafawa da farkon damina, a riƙa sare kansa in ya kai tsayin mutum domin ya yi rassa inda hannu zai kai.

Kai kuma Edita, in ana buga farashin kayan gwari, a riƙa sa na alayyafo da zogale da lalo da kuka kusa da na tumatir da attarugu.

Wassalam.

Daga wasu malaman gona da ma'aikatan sashen abinci mai gina jiki,
Birnin Kano.